Darasin Waƙa a Ajin Likitocin Gashi

Kawuna ya yi shekara talatin da 'yan kai yana dako tsakanin tashar jirgin ƙasa ta Kano da Kantin Kwari. Da buhu a ka ya fara, ya koma tura kura, da ƙarfi ya ja baya kuma ya zama mai ƙirga kaya ga yaran da suka gaje shi. Shekarun baya tarin fuka ya kama shi. Ya sha magani wata shida bai tsallake ko kwana ɗaya ba, aka auna kakinsa aka ce ƙwayar cutar ta mutu, aka sallame shi. Gaskiya aka gaya masa, domin ta mutun. Sai dai daga ƙofar gidansa zuwa masallacin unguwa, tafiyar da ba ta kai ta minti biyar ba, sai ya tsaya sau biyu ya dafa bango yana haki.

Wani dare a watan Maulidi na raka shi zauren da suke karanta Ishiriniya, shi da tsofaffin abokansa. Mutumin da na riƙo hannunsa a hanya, shi ne ya zauna kusan awa guda yana karɓa tare da jama'a, muryarsa ba ta yanke ba. Da muka fito na ce, "Kawu, yaya aka yi ka iya jan baitocin nan har ƙarshe, alhali ɗazu da ƙyar muka iso?" Ya dube ni ya ce, "Kai yaro, ai wannan na san inda zan tsaya in shaƙa. Hanya kuwa ba ta gaya wa mutum."

Na san mai zaune ba ya bukatar iska kamar mai tafiya, saboda haka ba abin mamaki ya faru a zauren ba. Amma amsar tasa ta tsaya mini a rai, kuma ita ce asalin ra'ayin da nake so in kare a wannan makon: ya kamata a riƙa koya wa ɗaliban fisiyo na Kano dabarun rera waƙa, a matsayin wani ɗan yanki na darasin kula da masu ciwon ƙirji, kuma a ɗebo dabarun daga abin da mutanenmu suka riga suka iya rerawa. Na san yadda maganar take sauka a kunne. Wani abokina likita da na fara gaya wa dariya ya yi, ya ce saura a kawo kalangu ɗakin tiyata. Ina roƙon mai karatu ya jinkirta tasa dariyar zuwa ƙarshe.

Sunan da muka ba wannan sana'a shi ya fara tauye ta. Mun ce "gashi", ko "gashin ƙashi", sai tunani ya tafi ga karaya, da ciwon baya, da mai shanyewar ɓarin jiki da ake koya wa tafiya. A Kano ma tarihin ya taimaka wa wannan fahimta, domin a inuwar Asibitin Ƙashi na Dala aka fara horar da ma'aikatan fannin kafin karatun ya zauna sosai a Jami'ar Bayero, inda ɗalibai suke samun horon asibiti a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano. Alhali kula da ƙirji babban reshe ne na aikin. Likitan fisiyo ne yake koya wa maras lafiya yadda zai fitar da kakin da ya maƙale masa, da yadda zai zauna ko ya jingina idan numfashi ya sarƙe, da yadda zai ƙara nisan tafiyarsa kaɗan-kaɗan ba tare da ya firgita ba. Ana karanta wannan a aji, ana kuma cin jarrabawarsa. Inda gizo ke saƙar shi ne bayan an sallami mutum ya koma gida.

Kafin in shiga yadda waƙa take taimakawa, bari mu tsaya a bakin tashar jirgin mu dubi abin da ke kewaye da ita. Layin dogo ya iso Kano a 1911, aka yanka Sabon Gari a wajen 1913 domin baƙin da jirgin ya kawo, Fagge kuwa, wadda tun da can zangon fatake ce a bayan ganuwa, ta cika ta batse. Jirgin ya kawo cinikin gyaɗa da auduga, ya kawo masana'antun Bompai, ya kuma kawo ƙurar da ke tafe da su. Dalar gyaɗa ta zama labari, jirgin ma yau ya zo gobe ya ɗauke ƙafa, amma iskar wurin ba ta huta ba. Tun da aka hana acaɓa a 2013 'yan adaidaita sahu suka mamaye titunan. Ga injinan janareto a bakin shaguna, ga masu walda da masu fentin mota, ga mai shayi da mai tsire da mai ƙosai a kan itace da gawayi tun asuba, ga bola da ake cinna wa wuta da yamma. Idan hunturu ya shigo kuma, iska ta kwaso ƙura tun daga kwarin Bodele na ƙasar Chadi ta shimfiɗa a kan wannan duka. Wanda ya yi shekara talatin yana neman abinci a nan, huhunsa ya rubuta tarihin wurin.

Ba nisa daga nan, a titin Faransa, akwai asibitin cututtuka masu yaɗuwa da aka fi sani da Asibitin Zana, inda masu tarin fuka da yawa suke karɓar magani. Najeriya ce ta fi kowace ƙasa a Afirka yawan masu wannan cuta, Kano kuma tana cikin jihohin da ke gaba. An yi ƙoƙari ƙwarai wajen gano masu ita da ba su magani kyauta. Abin da duniya ta yi jinkirin lura da shi shi ne halin da mutum yake shiga bayan ya warke. Sai a 2019 aka yi taron farko na ƙasa da ƙasa a kan wannan matsala, a Stellenbosch ta Afirka ta Kudu, kuma wani ƙiyasi da aka buga a 2021 ya nuna akwai mutum kimanin miliyan 155 a duniya da suka yi tarin fuka suka rayu. Kaso mai yawa daga cikinsu, wasu nazarce-nazarcen sun kai shi kusan rabi, huhunsu ya tafi da tabo: hanyoyin iska sun ƙuntace, ko sun buɗe sun lalace suna tara kaki, ko naman huhun ya ƙandare. A rajista an rubuta sun warke. Ga kuma ɗaya cutar, ta toshewar hanyoyin numfashi mai daɗewa da likitoci suke kira COPD, wadda Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce ta kashe mutum miliyan 3.23 a 2019. A Turai taba ce babbar sanadinta. A nan, tsohuwar da ba ta taɓa riƙe karan sigari ba tana iya samunta daga murhun da ta yi shekara arba'in tana hurawa.

To mene ne haɗin wannan da waƙa?

Yawancinmu muna zaton matsalar mai toshewar huhu ita ce shigar da iska. A gaskiya fitar da ita ce ta fi ba shi wuya. Ƙananan hanyoyin iskar sun yi laushi, suna rufewa tun iskar ba ta gama fita ba, sai ragowar ta maƙale a ciki. Ya sake shaƙa a kan wadda ba ta fita ba, ƙirji ya cika ya kumbura, faffaɗar tsokar nan mai siffar ƙwarya a kife da ta raba ƙirji da ciki ta baje ta rasa ƙarfin aikinta. Daga nan sai ya koma jan numfashi da kafaɗu da wuya, gajere-gajere, da sauri. Sauri yana ƙara tara iskar, tarin iskar yana kawo tsoro, tsoro yana ƙara saurin. Mutum sai ya daina fita don gudun haki, ƙafafu su yi rauni saboda zama, raunin kuma ya sa ko 'yar gajeriyar tafiya ta zama dutse. Haka kawuna ya daina zuwa kasuwa, ya daina zuwa ɗaurin aure, duniyarsa ta dawo tabarma ɗaya.

Maganin da likitan fisiyo yake koyarwa ba boyayye ba ne. Ka shaƙa ta hanci a natse, ka bar ciki ya taso maimakon kafaɗa, sannan ka fitar da iskar a hankali da leɓɓa a tsuke kamar mai hura koko mai zafi, fitar ta fi shigar tsawo. Tsuke leɓɓan yana sa iskar ta ɗan matsa baya, matsin kuma ya riƙe ƙananan hanyoyin a buɗe har ta gama fita. Dabara ce mai kyau, illarta ɗaya: gundura. A ce wa dattijo ya zauna sau uku a rana yana ƙirga ɗaya, biyu, uku, huɗu yana hura iska a banza, zai yi kwana biyu don kunyar likita, ranar ta uku ya bari. Takardar da aka rubuta masa umarnin ma, in da Turanci ce, jikansa zai ƙunshe gyaɗa da ita.

Yanzu a dubi abin da mai rera waƙa yake yi. Yana shaƙa gajere mai zurfi a ƙarshen ɗango, sannan ya saki iskar a hankali, a daidaice, har ɗangon gaba ya ƙare. Maƙogwaronsa da leɓɓansa suna rage faɗin mafitar, wato suna yin aikin tsuke leɓɓan nan. Dole ya miƙe zaune, ya saki kafaɗa, in ba haka ba murya ba za ta fito ba. Kari yana hana shi sauri. Hankalinsa yana kan kalmomi, ba a kan tsoron shaƙewa ba. Kuma, kamar yadda kawu ya faɗa, waƙar da kanta take gaya masa inda zai tsaya. Darasin asibitin ne dai, an sa masa riga da mutum zai yarda ya fita da ita.

Wasu sun riga mu gwadawa. Asibitin Royal Brompton da ke Landan, wanda ya shahara a kan ciwon zuciya da huhu, ya daɗe yana tara masu ciwon numfashi suna rera waƙa tare da malaman murya, kuma daga can aka buga wani ƙaramin gwaji a 2010. Daga baya irin waɗannan ƙungiyoyi suka bazu a Birtaniya. Da korona ta bar mutane da haki na watanni, gidan waƙar opera na Ingila ya haɗa kai da asibitocin Imperial suka shirya wani tsari na mako shida mai suna ENO Breathe, wanda aka gina a kan waƙoƙin raino. An gwada shi a kan mutum 150, aka buga sakamakon a 2022: ya kyautata yanayin zuciya da natsuwar masu yi, ya rage wani ɓangare na jin haki, amma bai nuna wani sauyi a ma'aunin ƙarfin jiki ba. Gwaji mafi girma a Danmak aka yi shi, da masu COPD 270. Wasu aka ba su motsa jikin da aka saba, wasu aka ba su darasin waƙa, tsawon mako goma. Da aka auna nisan da kowa zai iya tafiya cikin minti shida, masu waƙa sun ƙaru da kimanin mita 13, masu motsa jiki da kimanin mita 14.

Ba zan ɓoye raunin wannan hujja ba, domin masu karanta wannan shafi da yawa ma'aikatan lafiya ne, za su gano ko na ɓoye. Mita 13 ko 14 ƙari ne ɗan kaɗan, bai kai abin da masana suke ɗauka sauyi ne da maras lafiya zai ji a jikinsa ba. Bitar da cibiyar Cochrane ta yi a 2017 ta sami gwaje-gwaje uku ne kacal da suka cancanci a duba, da mutum 112 gaba ɗaya, ta kuma ce ingancin shaidar ƙasa yake. Babu wanda ya nuna waƙa tana gyara huhun da ya lalace. Duk wanda ya zo ya ce muku waƙa tana warkar da asma, ku riƙe aljihunku. Abin da shaidar take nunawa ya fi wannan ƙanƙanta, amma a ganina ya isa a yi aiki da shi: abin ba ya cutarwa idan an yi shi bisa ƙa'ida, mutane suna jin sun fi mallakar numfashinsu, tsoro yana raguwa, kuma suna dawowa mako bayan mako. Wannan na ƙarshen ba ƙaramin abu ba ne. Duk wanda ya taɓa gudanar da asibitin masu ciwo mai daɗewa ya san maganin da aka daina sha ba shi da amfani komai kyansa.

Misalin da ya fi kusa da mu na Yuganda ne. A Kamfala, masu bincike na cibiyar huhu ta Jami'ar Makerere da abokan aikinsu na Birtaniya sun kafa shirin farfaɗo da masu tabon tarin fuka a asibitin Mulago, da kayan aiki masu sauƙi, sannan suka bincika yadda marasa lafiya da ma'aikata suke kallon shigar da waƙa da rawa cikin shirin. Sun sami karɓuwa, tare da sharaɗin a zaɓi abin da ya dace da al'ada da addinin mutanen. Wannan sharaɗin shi ne kusan dukkan aikin da ke gabanmu a Kano.

Domin kuwa idan aka kwaso tsarin Landan yadda yake, aka tara dattawan Fagge maza da mata a ɗaki ɗaya, aka kawo budurwa da jita ta ce su buɗe baki, ranar za a fara ranar za a rufe. A al'adarmu waƙa tana da masu ita. Muna son Shata, muna son Ɗanƙwairo, muna yi musu kari, amma mutumin kirki mai iyali ba ya so a gan shi yana rerawa gaban 'ya'yan cikinsa, kalmar "maroƙi" kuma har yau ba yabo ba ce a bakin mutane da yawa. Akwai kuma waɗanda suke ƙin kiɗa saboda fahimtarsu ta addini, kuma asibiti ba wurin jayayya da su ba ne. Wanda ya kawo wannan hujja don ya kashe maganar, ina ganin ya faɗi rabin gaskiya. Ɗaya rabin shi ne, mutumin da zai ce maka shi ba ya waƙa, da bakinsa yake rera abubuwa da yawa da bai sa musu wannan suna ba.

Dattijon da ya ƙi "waƙa" yana karanta Ishiriniya da Burda da murya mai kari. Ya taso yana jin makafi suna rera Imfiraji ta Aliyu Namangi a bakin kasuwa, wataƙila ya haddace rabinta bai sani ba. Matarsa ta yi waƙar daka da ta niƙa, ta yi gaɗa tana yarinya, ta yi wa 'ya'ya goma waƙar raino, tana kuma rera waƙoƙin Islamiyya da jikokinta. Tun ƙarni na 19 Nana Asma'u ta gane cewa ilimin da aka sa wa kari ya fi saurin shiga gidaje, shi ya sa jajis ɗinta suka riƙa kai wa mata karatu a waƙe. Duk waɗannan ba sa bukatar ganga ko ɗaya. Idan aka tsallaka titi zuwa Sabon Gari kuwa, kusan kowace majami'a tana da ƙungiyar mawaƙa da shugabanta, mutanen da suke koyar da jan numfashi daga ciki duk mako ba tare da sun taɓa tunanin aikin lafiya suke yi ba. Maras lafiya Kirista, Ibo ne ko Bayerabe ko ɗan Kudancin Kaduna, da waƙoƙin da ya sani zai zo.

Akwai abu biyu a waƙarmu da nake ganin sun fi abin da Turawan suke aiki da shi dacewa da wannan bukata. Na farko tsarin jagora da 'yan amshi. Jagora ya ja baiti, jama'a su karɓa da gajeren amshi, ya sake ja, su sake karɓa. Wato hutun yana cikin ginin waƙar: mai rauni zai karɓi amshi kawai, ya huta yayin da jagora yake nasa, ba wanda zai lura balle ya ji kunya. Idan ya ƙara ƙarfi sai a ba shi ɗango ɗaya ya ja. Na biyu, rubutacciyar waƙar Hausa a aune take. Gaɓoɓinta masu nauyi da marasa nauyi a ƙirge suke, ɗangon wannan kari ya fi na wancan tsawo, akwai 'yar ƙwar biyu akwai 'yar ƙwar biyar. Ma'ana ana iya auna ta kamar yadda ake auna magani. Likita zai iya rubuta cewa wannan makon Malam yana kai rabin ɗango da numfashi ɗaya, bayan wata guda yana kai ɗango cikakke. Malamai a sashen nazarin harsunan Najeriya na Jami'ar Bayero sun ƙare rayuwarsu a kan karin waƙa, ɗaliban fisiyo kuma suna jami'a ɗaya da su, amma ban ga alamar hanya ta taɓa haɗa su ba.

Wani zai ce ai ga tajwidi, wanda kusan kowane ɗalibinmu Musulmi ya taɓa zama gabansa. Gaskiya ne mai karatun Alƙur'ani ya san jan madda har tsawon wasali shida, ya san gunna da ake riƙewa a hanci, ya san wuraren tsayawa da inda ba a tsayawa, kuma duk wannan horon numfashi ne mai zurfi. Amma a nan ina taka-tsantsan. Karatun Alƙur'ani ibada ne, ba waƙa ba, ba kuma kayan motsa jiki ba, kada wani ya mai da shi haka. Abin da likita zai iya yi shi ne ya tuna wa maras lafiya cewa ya riga ya iya wannan sarrafa numfashin, ya ce masa, "Baba, yadda kake tanadin iska kafin doguwar aya, haka za ka yi kafin ka hau matakala." Ba kowane abu na gargajiya ne kuma zai dace ba. Zikirin anfasu da aka san Ƙadirawa da shi, numfashi ne mai ƙarfi da sauri, yana da muhallinsa, amma ba shi mai toshewar huhu yake bukata ba. Haka mawaƙin da yake ɗaga murya don ya rinjayi kalangai biyar, ko mai algaita da yake kumbura kumatu yana busa ba yankewa: gwanaye ne, sai dai ba su za a ce tsohuwa mai haki ta kwaikwaya ba.

Wannan rarrabewar ita ce dalilin da ya sa na ce ɗaliban fisiyo za a koya wa, maimakon a miƙa marasa lafiya ga mawaƙa a juya baya. Haki ba iri ɗaya ba ne. Mai jegon da take haki ƙafafunta sun kumbura, wataƙila zuciyarta ce ta gaza, ciwon da likitocin Zariya suka yi rubutu a kansa tun shekarun 1970 suka danganta shi da wankan jego da kunun kanwa. Ita asibiti take bukata yau, ba amshi ba. Mai tabon tarin fuka da ya fara tofar da jini, ko wanda zazzaɓin dare ya dawo masa, a mai da shi gwaji. Wanda 'yar na'urar da ake maƙalawa a yatsa ta nuna iskar jininsa tana faɗuwa da ya fara rerawa, a tsayar da shi. Sha'iri ba zai gane waɗannan ba, ba aikinsa ba ne. Likitan fisiyo zai gane, amma shi kuma bai san yadda ake ɗora murya a kan numfashi ba, bai san yadda ake jan mutum goma masu kunya su buɗe baki ba. Kowanne yana riƙe da rabin abin.

Sai babban haɗarin, wanda ya fi ƙarfi a unguwa irin wannan. Rera waƙa, musamman da ƙarfi, tana watsa ƙananan ɗigon da ke ɗauke da cuta. A watan Maris na 2020, a jihar Washington ta Amurka, mutum 61 suka taru gwajin waƙa na awa biyu da rabi a ɗaki ɗaya. 53 suka kwanta da korona, tabbatacciya ko wadda ake kyautata zato, biyu suka rasu. Tarin fuka ma ta iska yake tafiya. Saboda haka ba a sa kowa a irin wannan zama sai an tabbatar ba ya yaɗa cuta, duk mai sabon tari a auna shi tukuna, a yi zaman a fili ko ƙarƙashin rumfa mai iska, a kuma yi shi da murya ƙasa-ƙasa, wadda dama ita ake bukata. A tsakiyar hazon hunturu kuwa, fili ma yana da tasa illar, sai a zaɓi lokaci. Ɗalibin da aka koya wa waƙar ba a koya masa wannan ba, gara ba a koya masa komai ba.

Hujjar da ta fi damuna ita ce ta abokin nan nawa likita, bayan ya gama dariyarsa. Ya ce asibitocinmu da yawa ba su da na'urar auna huhu, iskar oksijin tana yankewa, maganin shaƙa na asma ya fi ƙarfin albashin ma'aikaci balle ɗan dako, kai kuma kana kawo mana waƙa. Ashe ba hanya kake buɗe wa hukuma ta ce talaka ya yi ta rerawa tunda magani ya gagara ba? Tsoron nan yana da tushe, mun sha ganin an ba talaka abu mai arha an ce ya isa. Waƙa ba ta maye gurbin maganin shaƙa, ba ta kashe janareto, ba ta sauya wa mai ƙosai murhu. Amma kawuna ba zaɓi aka ba shi tsakanin waƙa da na'ura ba. Abin da ke gabansa shi ne zama a tabarma, ko wani abu da zai iya yi da kansa ba tare da ya biya kuɗin adaidaita sahu zuwa asibiti sau biyu a mako ba. Likitocin fisiyo kaɗan ne ƙwarai idan aka gwada da yawan jama'ar Kano, yawancinsu kuma suna manyan asibitoci. Ganin mutum ɗaya-ɗaya ba zai taɓa isa ba. Zama ɗaya da mutum goma sha biyar, wanda daga baya za su iya ci gaba da shi a zaurensu, lissafi ne da ya fi kusa da halin da muke ciki.

Abin da nake nema bai kai sabon kwas ba, balle a ce sai hukumar da ke kula da rajistar ma'aikatan fannin ta sake manhaja. 'Yan awoyi ne cikin darasin ƙirji da ake da shi. A gayyato mai bege ɗaya daga Fagge, da shugaban mawaƙan majami'a ɗaya daga Sabon Gari, da malama ɗaya ta Islamiyya, da malamin karin waƙa, su zauna da malamin fisiyo. Ɗalibai su fara da jikinsu: hannu a ciki, su ji inda iska take zuwa, su yi gunji da baki a rufe, su ja wasali ɗaya su ga daƙiƙa nawa zai kai. Da yawansu za su gano su ma da kafaɗa suke numfashi, musamman ranar jarrabawa. Sannan su koyi zaɓen abin rerawa gwargwadon mutum, maza daban mata daban inda ake so haka, ba kiɗa sai an nema. A ƙarshe a gwada abin a kan rukuni ɗaya na waɗanda suka gama maganin tarin fuka, a auna tafiyar minti shida kafin da bayan, a ƙirga nawa suka dawo har ƙarshe, a buga sakamakon ko ya yi daɗi ko bai yi ba. Aikin digiri na biyu ne na ɗalibi ɗaya mai himma. Idan ya nuna babu amfani, ni ne zan fara rubuta hakan a wannan shafi.

Kawu dai bai jira jami'a ba. Wata 'yar maƙwabta da take karatun fisiyo ta zauna da shi sau uku a lokacin hutu, ta nuna masa hurin koko, ta kuma sa shi ya riƙa rera baitin da ya fi so a ƙasa-ƙasa yana tafiya, taku yana bin kari, ya tsaya ya shaƙa inda ɗango ya ƙare. Har yanzu yana haki, tarin safe ma bai bar shi ba. Zuwa masallaci yanzu sau ɗaya yake dafa bango, wata rana kuma ba ya dafawa. Ranar Juma'ar da ta wuce ya sa aka kai shi bakin tasha, wai yana so ya ga ko yaransa suna ƙirga kayan daidai.